RA'AYINMU: Littafin Sa Hannu, Manhaja da Haƙƙin Ma'aikaci

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin Gwamnati da safe a ƙasar nan ya san littafin sa hannu. Dogon littafi ne mai layi-layi da akan ajiye a kan tebur kusa da ƙofa, kowane ma'aikaci ya rubuta sunansa da lokacin da ya iso, ya sa hannu. In lokaci ya cika sai wani babba ya zo ya ja jan layi ƙarƙashin suna na ƙarshe, wanda duk sunansa ya faɗo ƙasan layin ya makara ke nan. Da wannan littafi iyayenmu suka yi aiki tun zamanin En'e, kuma har yau bai bar ofisoshinmu ba. Amma ga shi ya sami kishiya. Ƙungiyoyin ba da agaji, da kamfanoni, da ayyukan raya ƙasa waɗanda ake yi da kuɗin waje, da yawansu sun koma ga manhajar tafiyar da ayyuka, inda kowane ma'aikaci ke shigar da sa'o'in da ya yi a kan kowane aiki, kana a ƙarshen mako ko wata a fitar masa da takardarsa shi kaɗai. Mu ɗalibai, da yayyenmu da ba su daɗe da kama aiki ba, mu ne za a ɗora wa cika waɗannan takardu, wasunmu kuma su za a sa su duba na wasu. Saboda haka ya wajaba mu yi nazarin al'amarin tun bai iske mu ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari mu fara bayyana yadda abin yake, saboda da yawa daga cikin masu yabonsa da masu kushe shi ba su tsaya sun duba cikinsa ba. Shugaban aiki yakan ɗauki babban aiki, misali gyaran rijiyoyin burtsatse a gunduma guda, ya rarraba shi ƙanana-ƙanana a cikin manhaja: zagayen dubawa, sayen kaya, gyara, rubuta rahoto. Kowane ƙaramin aiki sai a liƙa masa sunan wanda zai yi shi da ranar da ake so ya ƙare. Ma'aikaci kuwa, ta wayarsa ko ta kwamfuta, ko dai ya danna agogon manhajar sa'ad da ya fara ya kuma tsayar da shi sa'ad da ya gama, ko kuwa ya rubuta da kansa cewa yau ya yi awa uku a kan abu kaza. Kowace shigarwa tana ɗauke da abu huɗu: suna, da kwanan wata, da aikin da aka yi, da tsawon lokaci, wani lokaci har da ɗan bayani. In ƙarshen mako ya zo sai a tace waɗannan shigarwa da sunan mutum ɗaya, daga Litinin zuwa Juma'a, manhajar ta jera su ta haɗa jimla. Wannan jeri shi ne takardar sa'o'in aiki. Shugaba ya duba ya amince, daga nan ta wuce wurin akawun albashi, ko wurin waɗanda suka ba da kuɗin aikin.

Ya kamata a lura da bambancin da ke tsakanin wannan takarda da tsohon littafi. Littafin sa hannu tambaya ɗaya yake yi: ka zo? Takardar sa'o'i kuwa tana ƙara ta biyu: da ka zo, me ka yi? Asalinsu ma ba ɗaya ba ne. Agogon rubuta lokacin shigar ma'aikata na ƙofar masana'anta, wanda wani Ba'amurke mai suna Willard Bundy ya ƙera a ƙarshen shekarun 1880, an yi shi ne don kama mai makara. Takardar sa'o'i kuwa, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kafa ta wani lauya ne a birnin Boston, Reginald Heber Smith, wanda ya sa lauyoyin ofishinsa su riƙa rubuta lokacinsu minti shida-shida, watau kashi ɗaya cikin goma na awa, don a san abin da kowace shari'a ke ci wa ofis. Ke nan tun farko kayan lissafi ce, an yi ta don shugaba ya san inda ƙarfin ma'aikatansa ke tafiya. Mayar da ita bulala daga baya ya zo, kuma a nan ne take lalacewa.

Mu ma Hausawa ba baƙi ba ne ga wannan lissafi. Manomin Sakkwato ya san hanya biyu ta ɗaukar ɗan ƙwadago. Akwai na yini, wanda za ka biya don ya tsaya a gonarka daga safe zuwa azahar, akwai kuma jinga, inda za a yanka masa fili a daidaita kuɗi, ya ƙare da hantsi ko ya kai la'asar ruwansa. Mai gona ya san aibin kowace. Na yini yakan ja jiki in ba ka tsaye a kansa, mai jinga kuma yakan yi sauri ya binne ciyawa da ƙasa. Don haka manomi mai hankali ba ya dogara ga rana kaɗai ko ga faɗin fili kaɗai, sai ya taka ya duba kunya. A wuraren aikin hanya da gine-gine kuma an daɗe da sanin tankifa, mai littafin leburori, wanda alƙalaminsa ke tabbatar da wa ya zo wa bai zo ba. Kakanninmu sun sani sarai cewa in tankifa ya lalace, sunan wanda ke kwance a gida yakan ci kuɗin wanda ya yini a rana.

To, me ya sa muka zaɓi Bodinga da Shagari don wannan magana? Saboda a irin waɗannan wurare ne za a gane ko tsari na gaskiya ne ko na ado. Ƙananan hukumomi ne biyu daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, dukansu a kan babbar hanyar da ta tashi daga birni ta nufi Tambuwal da Jega. Kusancinsu da birni ya sa ma'aikaci na iya kwana a Sakkwato ya yi sammako zuwa wurin aiki, amma aikin kansa yana can cikin ƙauyuka: a Sifawa da Dingyadi da Danchadi, a Kajiji da Lambara da Dandin Mahe, a ɗakunan shan magani da makarantun firamare da fadamu. Malamin gona, da duba-gari, da ungozoma, da mai allurar rigakafi, rabin aikinsu a kan babur yake. Littafin da ke kan tebur a sakatariya ba ya ganin wannan aiki ko kaɗan. Wanda ya yini a ƙauye yana fama da manoma zai iya fitowa a littafi a matsayin wanda bai zo ba, alhali kuwa wanda ya sa hannu da ƙarfe takwas ya zame ya tafi kasuwa sunansa fes.

Waɗannan garuruwa biyu kuma suna da tarihin da ya isa ya sa mu ji kunyar sakaci. A Sifawa, cikin ƙasar Bodinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa da rubutu kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga. Malaman nan sun yi rubutu mai yawa a kan amanar da ke wuyan mai riƙe da dukiyar jama'a, da wajibcin shugaba ya riƙa bin diddigin waɗanda ya naɗa. Shagari kuwa ita ta haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925, wanda kafin ya zama Shugaban Ƙasa daga 1979 zuwa 1983 malamin makaranta ne, har ya yi aikin zagayen duba makarantu a lardin Sakkwato. A wancan zamani mai dubawa yakan je da kansa, ya buɗe rajista, ya ƙidaya yara, ya ɗauki littafin ɗalibi ya ga ko malami ya yi gyara. Wannan shi ne taka gona a duba kunya.

Ba yau aka fara neman maganin sakacin ma'aikata a Nijeriya ba, kuma tarihin neman yana da darasi. A 1972 Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar Jerome Udoji, wadda ta miƙa rahotonta a 1974. Rahoton ya ba da shawarar a sake tsarin aikin Gwamnati ya zama ana auna shi da sakamako, a riƙa ƙayyade wa kowane ma'aikaci manufa, a kuma riƙa tafiyar da ayyuka bisa tsari da kasafi. Amma abin da aka karɓa hannu biyu-biyu shi ne ƙarin albashi da ariyas, har yau in an ce Udoji kuɗi mutane ke tunawa. A 1975 Janar Murtala Muhammed ya sallami ma'aikata fiye da 10,000 cikin ɗan lokaci. An kori ɓarayi da malalata, amma da yake ba a bi rubutacciyar shaida a kan kowa ba, an haɗa har da masu gaskiya, waɗanda suka saura kuma suka koyi cewa aikin Gwamnati ba shi da tabbas, kowa ya tanadi abin gobe. A watan Maris na 1984 Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, aka riƙa rufe ƙofofin ofisoshi, har ana sa manyan mutane tsallen kwaɗo don sun makara. Mutane sun zo a kan lokaci saboda tsoro, da aka sauke Gwamnatin a 1985 kuwa sai tsohon hali ya komo.

Da zamanin kwamfuta ya zo sai aka juya ga na'ura. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fara tsarin biyan albashi na bai ɗaya, IPPIS, a 2014 kuma bankuna suka fara ba da lambar BVN. A watan Fabrairu na 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar da cire sunaye 23,846 daga jerin masu karɓar albashi. A wannan shekara kuma Gwamnatin Jihar Sakkwato ta ce ta gano sunayen bogi fiye da 12,000 a jerin albashin ƙananan hukumominta. Wannan nasara ce, ba mu raina ta ba. Amma na'urar ɗaukar zanen yatsa da lambar banki iyakarsu su tabbatar da cewa mutum yana raye kuma shi ɗaya ne. Ba su san ko ya yi aiki ba. Bugu da ƙari, mun ga abin da ke faruwa in an ɗora tsari ɗaya a kan ayyuka masu bambanci: malaman jami'a sun ƙi IPPIS, yana cikin dalilan yajin aikin 2020 da na 2022, wanda ya rufe jami'o'i wata takwas, har a watan Disamba na 2023 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince a fitar da manyan makarantu daga cikinsa. Ɗalibai ne suka biya kuɗin wannan gardama da shekarunsu.

Bayan duk wannan, ra'ayinmu shi ne muna goyon bayan kowane ma'aikaci ya sami takardar sa'o'insa ta kansa, kuma muna so ƙananan hukumomi irin Bodinga da Shagari su yi tunanin ɗaukar wannan tsari. Dalilinmu na farko shi ne takardar garkuwa ce ga ma'aikacin kirki. A ofishin da ba a rubuta kome, wanda ya iya fadanci shi ke samun ƙarin girma, wanda ke ƙauye kuwa ba a tuna da shi sai ranar da abu ya ɓaci. Dalili na biyu, tana tona asirin sunan bogi fiye da yadda tantancewar shekara-shekara ke yi. Mutum na iya zuwa rana ɗaya ya dangwala yatsa ya koma, amma ƙirƙiro masa aikin mako hamsin da biyu, da sunan ƙauye da sa hannun shugaba a kowane mako, ƙarya ce mai nauyi wadda sai mutane da yawa sun haɗa baki. Dalili na uku, tana nuna wa shugaba inda lokaci ke zurarewa. In takardun malaman gona goma suka nuna cewa kowannensu na ɓatar da kashi ɗaya cikin uku na makonsa wajen jiran mai ko jiran sa hannu, to an gano ciwon, kuma ba a jikin malaman yake ba.

Akwai kuma dalili na huɗu, wanda ya shafi aljihun jama'a kai tsaye. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye daga asusun Tarayya. Duk yadda aka yi da aiwatar da hukuncin, tambayar talaka ba za ta sake ba: ina kuɗin suka tafi? Albashi na cikin manyan abubuwan da ke cinye kuɗin ƙaramar hukuma. A wannan wata na Yuli aka sa hannu a dokar da ta kai albashi mafi ƙanƙanta ₦70,000. In ma'aikaci na yin awa takwas a yini, kwana 22 a wata, sa'o'i 176 ke nan, watau kowace awa ta tashi kusan ₦400. Wanda ke zamewa awa uku kullum ya ɗauke wa jama'a sa'o'i 66 a wata, fiye da ₦26,000, shi kaɗai, kuma a mataki mafi ƙasa. Mai sayar da albasa a kasuwa da ke biyan kuɗin rumfa yana da haƙƙin ya san wannan lissafi.

Jihar nan ma ta riga ta ɗanɗana irin wannan tsari. Manyan ayyukan lafiya da ilmi da hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ta ɗauki nauyinsu a Sakkwato da Bauci kafin a rufe ta a 2025, irin aikin lafiyar mata da yara da aka fara a 2009, an yi su ne ƙarƙashin ƙa'idar da ta wajabta rubuta lokacin ma'aikaci a kan aikin da ake biyansa dominsa. A yaƙi da shan inna kuma, cikin shekarun 2010, an riƙa ba ayarin masu rigakafi a jihohin Arewa wayoyi masu nuna inda suka taka, sai a ɗora sawunsu a kan taswira a ga ƙauyen da aka shiga da wanda aka tsallake. Wannan na cikin abubuwan da suka taimaka har aka tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Ke nan ba za a ce mutanenmu ba za su iya ba. Sun iya, sa'ad da aka ba su kayan aiki aka kuma biya su.

Amma goyon bayanmu yana da sharuɗɗa, domin takardar sa'o'i tana da nata cututtuka. Babbar cutar ita ce manhaja ba ta san gaskiya ba, abin da aka zuba mata shi take haɗawa. Ma'aikacin da ya bari sai ranar Juma'a sa'an nan ya zauna ya cika makon duka daga ka, zai rubuta takwas, takwas, takwas, takardar ta fito da kyau alhali ba ta faɗi kome ba. Wani zai kunna agogo ya manta da shi ya kwana yana ƙidaya. A ofishin da kwamfuta ɗaya ce, akawu ɗaya zai riƙa shigar wa kowa, tankifa ya dawo ke nan da sabuwar riga. Wani masanin tattalin arziki na Ingila, Charles Goodhart, ya lura tun 1975 cewa da zarar an mayar da ma'auni abin da ake hukunci da shi, mutane sukan koma bauta wa ma'aunin, shi kuma ya daina faɗin gaskiya. In aka ce albashi ya rataya a kan sa'o'i arba'in, kowa zai kawo arba'in, ko rijiya ta gyaru ko ba ta gyaru ba. Ƙarya da alƙalami akan gane ta da kankare da bambancin tawada. Ƙaryar da ta fito daga firinta kuwa tana da kwarjini, mutane na jin nauyin musanta ta.

Don haka sharaɗinmu na farko shi ne a fara daga sama. Shugaban ƙaramar hukuma, da sakatare, da daraktoci, da ma'aji, su fara cika tasu takarda, kuma a liƙa ta inda ake liƙa ta kowa. Tsarin da ya tsaya a kan masinja da mai shara da ƙaramin akawu zalunci ne, kuma ƙananan ma'aikata za su gane haka tun makon farko, su saka masa da irin tasa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sau da yawa ƙaramin ma'aikaci na zaune ba aiki ne saboda fayil na jiran sa hannun wanda bai shigo ba tun Talata.

Sharaɗi na biyu, takardar ta zama mallakar ma'aikaci kamar yadda take mallakar ofis. A ba shi kwafi a ƙarshen kowane wata. Kada shugaba ya rage masa ko awa ɗaya ba tare da manhajar ta ajiye sunan wanda ya yi gyaran da ranar da dalilinsa ba, kuma a buɗe masa hanyar ƙara in bai yarda ba, da wakilin ƙungiyar ma'aikata a zaune. Kada a yanke albashin kowa bisa takardar da bai gani ba. A nan muna kira ga ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, da ta malaman makaranta, NUT, kada su tsaya ga ƙin tsarin ɗungurungum, su shiga a rubuta ƙa'idojinsa da su.

Sharaɗi na uku, a tsara jerin ayyuka daidai da ainihin aikin karkara. Waɗannan manhajoji, irin Microsoft Project da ya fito a 1984 da Jira da ya fito a 2002, an gina su ne don injiniyoyi da masu rubuta manhaja, mutanen da ke zaune gaban allo. In aka kwafo jerinsu ba gyara, ba za a sami gurbin tafiya daga sakatariya zuwa ƙauye ba, ko gurbin zaman gaisuwa da hakimi ko mai unguwa, wanda in ba a yi shi ba ba mai buɗe wa ungozoma ƙofa. Lokacin tafiya aiki ne. Lokacin jira, in ba laifin ma'aikaci ba ne, a rubuta shi da sunansa, jira, domin a san wanda ya jawo shi. Sallah da tashin Juma'a da sassaucin watan azumi kuma a shigar da su cikin tsarin a fili, kada a bar mutane suna ɓoye su ƙarƙashin wani suna.

Sharaɗi na huɗu, kada rashin wuta da rashin sabis su zama laifin ma'aikaci. A zaɓi manhajar da ke karɓar shigarwa ko ba intanet, ta tura daga baya, a kuma ajiye takarda mai irin waɗannan gurabe huɗu ga wanda ba shi da waya, wadda za a shigar ya kuma duba ya sa hannu. Kuɗin data da caji a wuyan ofis suke. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama babban kaso na albashin ƙaramin ma'aikaci, har jihohin Kwara da Edo suka rage ranakun zuwa ofis a wancan lokaci. Ba daidai ba ne a ƙara masa wani nauyi don a sami damar kama shi. Kuma a yi bayanin manhajar da Hausa, domin mai gadi da direba su karanta abin da aka rubuta a kansu.

Sharaɗi na biyar, kowace awa a ɗaura ta da abin da ido zai gani. Gefen sa'o'i a sa gurbin sakamako: rijiya nawa aka gyara, yara nawa aka yi wa allura, gona nawa aka zagaya, fayil nawa aka sallama. Sa'an nan mai dubawa ya riƙa ɗaukar takarda ɗaya cikin goma ba tare da sanarwa ba, ya hau babur ya je ƙauyen da aka ambata ya tambaya. Gani ya kori ji. Kwamitocin raya mazaɓu da na kula da makarantu, waɗanda mutanen gari ke ciki, su ne shaidun da ba a biya da kuɗi, a ba su dama su ga takardun ma'aikatan da aka turo musu.

Sharaɗi na shida, a kiyaye sirrin mutane. Wayar da ke nuna inda ma'aikaci yake da ƙarfe goma na safe tana iya nuna inda yake da ƙarfe goma na dare. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma ta hau kan hukumomin Gwamnati kamar yadda ta hau kan kamfanoni. A taƙaita bin sawu ga lokacin aiki, a faɗa wa ma'aikaci abin da ake tarawa da wanda ke gani, kuma bayanan su zauna a hannun hukuma, kada ɗan kwangilar da ya kawo manhaja ya tafi da su ranar da aka saɓa a kan kuɗi. A yankin da matsalar tsaro ta addabi wasu sassan jiha, jerin da ke nuna wace ma'aikaciya ke bin wace hanya a wace rana ba abin yasarwa ba ne.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Ita ma Gwamnati tana da tata takardar lokaci, ita ce ranar biyan albashi. Hukumar da ke ƙidaya wa ma'aikaci mintoci alhali tana riƙe masa albashi, ko ƙarin girma, ko kuɗin sallama na shekaru, ba ta da bakin magana. Addininmu ya tsananta a kan ɓangarorin biyu: wanda aka ɗauka aiki ya cika aikin, wanda ya ɗauka ya biya ba jinkiri. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, haka ne, amma wanda aka yi wa aski shi ma ya miƙa lada.

Saura mu, 'yan'uwa ɗalibai. Kowa a cikinmu ya san yadda takardar halartar lacca ke zagaya aji ta fito da sunaye fiye da kawunan da ke zaune. Kowa ya san littafin koyon aiki na SIWES, wanda asusun ITF ya ɓullo da shi tun 1973, da yadda wasu ke cika na wata shida a dare biyu. Hannun da ya saba sa wa aboki hannu a aji shi ne gobe zai shigar wa ɗan'uwan shugaba sa'o'in da bai yi ba, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da yawa daga cikinmu za a tura su bautar ƙasa ko a ɗauke su aiki a sakatariyoyi irin na Bodinga da Shagari, kuma da yake mu ne muka iya kwamfuta, mu za a miƙa wa makullin manhajar. Ranar nan wani babba zai tsaya a kanmu ya ce a ƙara wa wane, a rage wa wane. Amsar da za mu ba shi tun yanzu ake shirya ta.

Muna ba da shawara ga Ƙungiyar Ɗalibai ta fara da kanta: kowane mai riƙe da muƙami ya riƙa rubuta sa'o'in da ya yi wa ƙungiya da abin da ya aikata a cikinsu, a liƙa a allon sanarwa kowane ƙarshen wata. Muna kuma roƙon sassan koyar da aikin mulki da na ilmin kwamfuta su haɗa ɗalibansu su tsara irin wannan takarda da Hausa, su gwada ta a sashe ɗaya na ƙaramar hukuma ɗaya har wata shida, da yardar ma'aikata, kafin wani ɗan kwangila ya kawo tasa da tsada. In ta yi amfani a faɗaɗa, in ta gaza a rubuta dalili don na baya su ƙaru. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya sa abin da za mu ci ya zama halas.